Mun Roƙa, Ciwo Kuwa Bai Tafi Ba: Darasi a kan Begen Kirista



A ƙasarmu, idan mutum ya je dubiya ya durƙusa kusa da majinyaci ya ce, "Sannu, yaya jiki?" amsar da zai ji ɗaya ce: "Da sauƙi." Ko da majinyacin ya kwana bai runtsa ba, ko da ya rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa, da sauƙi zai ce. Mai jinyarsa ma haka za ta ce, tana gyara ɗaurin zane, tana kau da kai kada a ga idonta. Wannan ladabi ne mai kyau, ba mu kushe shi ba. Amma mu da muke shiga gidaje da ɗakunan asibiti mun sani akwai wata tambaya da take kwance a ƙarƙashin wannan amsa, wadda ba a cika furta ta ba sai dare ya raba, baƙi sun watse. Tambayar kuwa ita ce: mun yi addu'a, me ya sa bai warke ba?

An ba da sunansa an yi masa Mass. An yi nobena ta kwana tara, aka gama, aka sake wata. Matan Zumunta sun zo sun yi waƙa, sun ja rosari har muryoyinsu suka dushe. An yi azumi. Fada ya zo ya shafe shi da mai. Bayan wannan duka, ciwon daji yana nan yana cin jiki, ko ɓarin jikin da ya shanye bai motsa ba, ko yarinyar nan mai sikila ta sake kwanciya karo na huɗu cikin shekara guda. Wani gidan ma an riga an dawo daga makabarta. Darasinmu na wannan wata domin waɗannan gidaje ne, da kuma sauranmu da za mu shiga cikinsu, gama bakin mai dubiya yakan zama magani, yakan kuma zama ciwo na biyu.

Maganar da take ƙara wa majinyaci kaya

Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin mutane ita ce, majinyacin ba shi da isasshiyar bangaskiya. Ana jin ta a filayen taron addu'a da gidajen rediyo, ana tura ta ta wayar hannu, har ta shigo cikin namu ba mu ankara ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Saboda haka iyali sukan sayar da akuya, su sayar da hatsin da aka ajiye domin damina, su ɗauki maras lafiya daga wannan mai addu'a zuwa wancan, kowanne yana alkawarin cewa yau ɗin nan za a tashi. Sa'ad da ba a tashi ba, ba mai addu'ar da yakan ce laifinsa ne. Majinyacin ne yakan koma gida da kaya biyu, ciwon jikinsa da kuma zargin cewa shi ya hana kansa warkewa.

Wasu kuma sukan ce akwai ɓoyayyen zunubi, nasa ko na iyayensa. Wannan tunani tsoho ne ƙwarai. Almajiran Yesu da kansu sun yi shi sa'ad da suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya ko laifin wane ne. Ubangiji bai ɗora wa mutumin ba, bai ɗora wa iyayensa ba, ya juya hankalinsu ga aikin da Allah zai bayyana a cikinsa (Yohanna 9:1-3). Yaron da aka haifa da sikila jini ya gada daga uwa da uba, kamar yadda ya gaji hancinsu da tsawonsu. Ba wanda ya yi saɓo a cikin wannan. Mafi muni duka shi ne a ce akwai hannun wani, a fara kallon wata tsohuwa a unguwa, ko suruka, ko ɗan'uwan da aka taɓa yin rigimar gona da shi. Mun ga zumuncin shekara arba'in ya tsinke a bakin gadon majinyaci ta wannan hanya, aka binne mutum ɗaya, aka bar gida biyu ba sa gaisawa.

Ba mu ce bangaskiya ba ta da wuri a cikin warkarwa ba. Yesu ya yabi bangaskiyar matar nan da ta shekara 12 tana zubar da jini (Markus 5:25-34). Ba mu kuma ce halin mutum ba ya jawo masa cuta ba. Wanda ya mai da giya ruwan shansa, hantarsa za ta ba da labari. Kuskuren yana wajen juya maganar, a ga ciwo a ce lalle akwai zunubi, a ga rashin warkewa a ce lalle babu bangaskiya. Abokan Ayuba uku sun yi daidai muddin suna zaune tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba (Ayuba 2:13). Da suka buɗe baki suka fara yi wa Allah lissafi, suna neman laifin da ya jawo wa Ayuba gyambo, sai suka ɓata. A ƙarshen littafin Allah ya yi fushi da su domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba, ya kuma ce Ayuba ne zai yi musu addu'a, watau mutumin nan da ya yi ta kuka yana tuhuma yana neman a ba shi amsa (42:7-8).

Waɗanda ba su warke ba a cikin Littafi Mai Tsarki

Mun saba da labarin waɗanda suka warke, gama su ake karantawa da murna. Ya kamata mu lura da sauran. A bakin tafkin Betasda taron marasa lafiya ne a kwance, makafi da guragu da shanyayyu. Bisharar Yohanna ta ba mu labarin mutum ɗaya da Yesu ya tayar, wanda ya shekara 38 cikin rashin lafiya (5:1-9), ba ta kuwa ce an tayar da sauran ba.

Dubi Manzo Bulus, wanda a Afisa har ƙyallayen da suka taɓa jikinsa ake kai wa marasa lafiya su warke (Ayyukan Manzanni 19:11-12). Wannan mutum ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20). Ɗansa cikin bangaskiya, Timoti, yana fama da ciwon ciki da yawan laulayi, abin da Bulus ya iya ba shi kuwa shawara ce a kan abin da zai riƙa sha (1 Timoti 5:23). Shi kansa Bulus yana da wata wahala a jikinsa wadda ya kwatanta da ƙaya. Sau uku ya roƙi Ubangiji a cire masa, ba a cire ba. An amsa masa da cewa alherin Ubangiji ya ishe shi, ikon Allah kuma a cikin rashin ƙarfi yake cika (2 Korintiyawa 12:7-10). Wa zai tashi a cikinmu ya ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Akwai kuma wanda ya fi Bulus. A gonar Getsamani, daren da aka bashe shi, Ubangijinmu ya fāɗi ƙasa ya roƙi Uba a ɗauke masa ƙoƙon wahala in mai yiwuwa ne, ya sake roƙo, ya kuma sake. Bai ɓoye abin da yake so ba, bai yi kamar abin da sauƙi ba; ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yohanna cewa baƙin ciki ya kai masa kamar ya mutu. Sa'an nan ya sa nufinsa a ƙarƙashin nufin Uba (Markus 14:32-42). Ƙoƙon bai wuce ba. Washegari aka gicciye shi. Duk da haka Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ce an ji addu'arsa wadda ya yi da kuka mai ƙarfi da hawaye (5:7). Yaya aka ji shi, alhali ya mutu? An ji shi a rana ta uku. Uba bai hana shi shiga kabari ba, amma ya fito da shi daga ciki. Duk wanda ya tsaya a kan Getsamani ranar Juma'a da yamma zai rantse addu'ar nan ta fāɗi ƙasa banza. Mu da yawa a yammacin Juma'ar nan muke zaune sa'ad da muke yin tambayarmu.

Yarinyar da ta tona maɓuɓɓuga

Bari mu ɗauki misali daga wurin da duk Katolika ya san shi da warkarwa, watau Lurdes, a kudancin Faransa. A shekara ta 1858 Uwargida Maryamu ta bayyana sau 18 ga wata yarinya 'yar shekara 14, Bernadet Subiru, daga 11 ga Fabrairu zuwa 16 ga Yuli. Iyayenta matalauta ne ƙwarai. Mahaifinta mai niƙa ne da sana'a ta karye masa, har iyalin suka koma zama a ɗaki guda na wani tsohon kurkuku. Yarinyar ta yi ciwon amai da gudawa tun tana ƙarama, ta kuma tashi da asma wadda ba ta rabu da ita ba har mutuwarta. Ranar 25 ga Fabrairu, bisa ga umarnin Uwargidan, ta tona ƙasa da hannunta a cikin kogon dutse, ruwa mai laka ya ɓullo, mutane suna yi mata dariya. Ruwan nan ne har yau miliyoyin mutane suke zuwa sha da wanka a cikinsa kowace shekara.

Ita fa? A shekara ta 1866 ta shiga gidan Sistoci a garin Nevers, nesa da garinsu, ba ta kuwa ƙara komawa Lurdes ba. Ta yi aikin taimakon majinyata a ɗakin jinya na gidan har ita kanta ta zama majinyaciya. Tarin fuka ya kama ta, ya ci har ƙashin gwiwarta. An shafe ta da man marasa lafiya fiye da sau ɗaya, ana tsammani ta tafi, sai ta farfaɗo ta ci gaba da shan azaba. Labarin masu warkewa yana ta zuwa daga maɓuɓɓugar da hannunta ya tona, ita kuwa tana kwance ba ta iya juyawa. Ta rasu ranar 16 ga Afrilu 1879, Laraba ta makon Ista, tana da shekara 35. Tun a bayyana ta uku Uwargidan ta riga ta gaya mata cewa farin cikin da take yi mata alkawari na duniya mai zuwa ne. Paparoma Piyus na Sha Ɗaya ya sa ta cikin waliyyai ranar 8 ga Disamba 1933.

Shekara biyu kafin rasuwar Bernadet, a watan Yuni 1877, wata mata mai sana'ar saƙar leshi daga garin Alenson ta hau jirgin ƙasa zuwa Lurdes tare da 'ya'yanta mata uku. Sunanta Zeli Martin. Ta haifi 'ya'ya tara, ta binne huɗu suna ƙanana, yanzu kuma ciwon daji ya kama ta a nono, likita ya ce ba abin da za a iya yi. Tana da dalilin roƙo wanda ba mai iya kushewa: 'ya'ya biyar mata, autarsu ba ta wuce shekara huɗu ba. Ta shiga ruwan, ta sake shiga, ta yi addu'a, iyalinta duka suna addu'a. Ta komo gida ciwon ya ƙaru. Ranar 28 ga Agusta na shekarar nan ta rasu tana da shekara 45. Autar nan da aka bari marainiya ita ce Waliyiya Teresa ta Yaro Yesu, wadda majami'u da makarantu da 'ya'yanmu mata da yawa suke ɗauke da sunanta. Kada mu yi saurin cewa, to, ga dalilin da ya sa uwar ta mutu. Ba mu da wannan sani, Teresa kuma ta sha wuyar rashin uwa shekaru da yawa. Abin da muka sani shi ne, Ekklesiya ta binciki rayuwar matar nan da ta je Lurdes ta dawo da ciwonta, ta same ta cike da bangaskiya, Paparoma Fransis kuwa ya sa ta cikin waliyyai tare da mijinta Luwis ranar 18 ga Oktoba 2015.

Ekklesiya ta gaskata Allah yana warkarwa ta hanyar al'ajibi, shi ya sa ba ta wasa da maganar. Tun 1883 akwai ofishin likitoci a Lurdes mai binciken duk wanda ya ce ya warke. Sai an tabbatar ciwon mai tsanani ne, likitoci sun san shi tun da fari, warkewar ta zo farat ɗaya, ta zama cikakkiya, ta daɗe ba ta koma ba, ba kuma magani ne ya kawo ta ba. Bayan wannan, Bishop na dayosis ɗin mutumin ne yake yanke magana. Cikin mutane fiye da 7,000 da aka rubuta labarin warkewarsu, sai a shekara ta 2018 adadin waɗanda aka tabbatar al'ajibi ne ya kai 70. A auna wannan da mai taron da yake shelar warkewa ɗari kafin a tashi, ba likita, ba bincike, ba mai komawa bayan wata uku ya ga yadda aka kwana. A kuma tuna da ɗimbin mutanen da suka je Lurdes a kan keken guragu suka koma a kansa. Da yawa cikinsu sukan sake zuwa, abin da ba zai yiwu ba in da warkewar jiki kaɗai suke samu ko rasawa a can.

Mene ne bege?

Harshenmu yana taimakonmu a nan. Muna da fata, muna da sa rai, muna kuma da bege. Fata na baki ne: muna fata a yi ruwa gobe. Sa rai yana da abin da yake jira da ranar da yake jira: ma'aikaci yana sa rai da albashi a ƙarshen wata, in bai zo ba ransa ya ɓaci. Bege kuwa mutum ake yi wa. Yaron da aka kai makarantar kwana yana begen uwarsa. Matar da mijinta ya tafi cin rani tana begensa. In ya aiko da saƙo ta yi murna, in wata ya wuce saƙo bai zo ba ta damu, ta yi kuka, watakila ta yi fushi, amma ba ta fasa duban hanya, gama ba saƙon ta aura ba. Waɗanda suka fara sa mana kalmar bege kusa da bangaskiya da ƙauna sun zaɓa da kyau.

Katekisim na Ekklesiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, yana koya mana cewa bege kyauta ce daga Allah wadda take sa mu yi marmarin Mulkin Sama da rai madawwami, muna dogara ga alkawaran Kristi da taimakon Ruhu Mai Tsarki, ba ga ƙarfin kanmu ba (lamba 1817). Ya kuma faɗa a fili cewa ko addu'a mafi zafi ba ta kawo warkewar kowace cuta (lamba 1508). Saboda haka sai mu tambayi kanmu abin da Kristi ya yi mana alkawari. Ya yi alkawari zai kasance tare da mu kullum. Ya yi alkawarin gafarar zunubai. Ya yi alkawari zai ta da mu a rana ta ƙarshe da wannan jiki, wanda ciwo ya ci, a sabunce. Bai taɓa yin alkawari cewa mai binsa ba zai kwanta ciwo ba, ko kuwa kowane ciwo zai tafi kafin kabari. Li'azaru da aka kira daga kabari bayan kwana huɗu ya sake mutuwa wata rana, 'yan'uwansa suka sake yin makoki. Kowace warkewa a duniyan nan ƙarin kwana ce, alama ce mai nuna abin da yake zuwa, kamar yadda ƙanshin ƙasa yake nuna ruwa ya sauka a wani wuri kusa.

Wannan bai hana mu roƙo ba. Mu roƙi lafiya da gaba gaɗi, mu ambaci ciwon da sunansa, mu nace kamar gwauruwar nan da ta dami alƙali. Samarin nan uku a Babila sun nuna mana yadda ake riƙe abu biyu a hannu ɗaya: suka gaya wa sarki Allahnsu yana da iko ya cece su daga tanderun wuta, suka ƙara da cewa ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba (Daniyel 3:17-18). Kuka ma bai saɓa wa bege ba. Marta ta tari Yesu a hanya ta gaya masa a fuskarsa cewa jinkirinsa ne ya sa ɗan'uwanta ya mutu, bai kuwa tsauta mata ba. Da ya isa kabarin shi ma ya yi hawaye. Zabura ta 88 addu'ar majinyaci ce daga farko har ƙarshe, ba ta da aya guda ta samun sauƙi, a cikin duhu ta ƙare. Duk da haka Ekklesiya ta sa ta a bakin firistoci da Sistoci kowace Juma'a a addu'ar dare. Mai gaya wa Allah ɓacin ransa, da Allah yake magana har yanzu. Wanda ya kamata mu ji wa tsoro shi ne wanda ya yi shiru ya juya baya.

Manyanmu da suka je Kaduna a watan Fabrairu 1982 suna tuna Paparoma Yohanna Bulus na Biyu da ƙarfinsa da muryarsa, ko da yake bai cika shekara da harbin da aka yi masa a Roma ba. Shi ne ya rubuta wasiƙa a kan ma'anar shan wuya ta Kirista a 1984, shi ne kuma a 1992 ya kafa Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, wadda aka fara kiyayewa ranar 11 ga Fabrairu 1993, ranar idin Uwargidanmu ta Lurdes. Daga baya ciwon karkarwar jiki ya kama shi. Duniya duka ta yi masa addu'a, bai warke ba. Tafiyarsa ta ƙarshe zuwa wata ƙasa ita ce zuwa Lurdes a watan Agusta 2004, majinyaci a cikin majinyata. Ranar Ista ta 2005 aka kawo shi bakin taga domin ya sa wa jama'a albarka, ya yi ƙoƙari ya yi magana, murya ta ƙi fita, sai ya ɗaga hannu ya yi alamar gicciye. Bayan kwana shida ya rasu.

Mai, magani, da zama kusa

Akwai wani tsoro da ya daɗe a cikinmu, cewa in an kira Fada da mai, to, an sallama ke nan. Saboda haka iyali sukan jira har majinyaci ya daina gane mutane, sa'an nan a aika yaro da babur cikin dare. Wannan hasara ce babba. Tun 1963 Majalisar Batikan ta Biyu ta bayyana cewa Shafewar Marasa Lafiya ba ta waɗanda suke bakin mutuwa kaɗai ba ce. Duk mai bi da ciwo mai tsanani ya kama, ko tsufa ya raunana, ko za a yi masa babban aiki a asibiti, ya cancanta, ana kuma iya maimaitawa in ciwon ya ƙaru ko wani ya zo. Tushenta yana cikin Wasiƙar Yakubu (5:14-15). Firist ne kaɗai yake ba da ita, da man da Bishop ya keɓe a Mass na Mai a Mako Mai Tsarki. Yakan ɗibiya hannu, ya shafa a goshi da tafin hannu. Abin da sakramentin yake bayarwa tabbas shi ne ƙarfin zuciya da salama, gafarar zunubai in mutum bai iya yin ikirari ba, da haɗa wahalarsa da ta Kristi. Lafiyar jiki kuwa takan zo in ta dace da ceton mutumin. Don haka wanda aka shafe bai tashi ba, kada a ce man bai yi aiki ba. In kuwa tafiya ta gabato, Jikin Kristi da ake ba shi na ƙarshe shi ne guzurinsa.

Game da asibiti, maganarmu gajeriya ce. Littafin Sirak ya ce a girmama likita, gama Ubangiji ne ya ba shi sani, shi ne kuma ya fitar da magunguna daga ƙasa. A yi addu'a, a kuma bar likita ya yi aikinsa (38:1-15). Umarnin da Roma ta fitar a shekara ta 2000 a kan addu'o'in neman warkarwa ya maimaita wannan, ya kuma hana mai da irin wannan addu'a abin kallo da hayaniya. Duk wanda ya ce wa mai ciwon suga, ko mai hawan jini, ko mai shan maganin ƙanjamau ya zubar da maganinsa domin ya nuna bangaskiya, yana sa shi ya gwada Allah ne, irin gwajin da Yesu ya ƙi yi a kan hasumiyar Haikali. Jinin mutumin nan yana wuyansa.

Saura mu, masu lafiya a yau. Mun iya makon farko: ɗaki yakan cika, kwanukan abinci su yi yawa. Doguwar jinya ce take tona mu. Bayan wata shida ƙafa takan ɗauke, a bar mace ɗaya da wanki da juya majinyaci da neman kuɗin magani, ita ma ba ta ƙara samun zuwa Mass ba, ba kuwa mai tambaya. Wani lokaci abin da yake hana mu komawa kunya ce, domin mun yi addu'a da ƙarfi a zuwan farko, mun ce lalle zai tashi, yanzu ba mu san abin da za mu faɗa ba. Ba lalle ne mu faɗi kome ba. A gaida shi, a zauna. In ya ce da sauƙi, a ɗan jira, watakila akwai sauran magana. In ya yi tambayar nan mai wuya, kada a rufe masa baki da "haƙuri" tun bai gama ba, kada kuma a ƙirƙiro wa Allah dalili. A ce masa, "Baba, mu ma ba mu sani ba, amma ga mu nan, za mu kuma dawo." Sa'an nan a dawo. A karɓi wankin, a ɗebo ruwa, a zauna da shi safiyar Lahadi guda domin mai jinya ta je sujada. A kuma roƙe shi ya yi mana addu'a, da gaske, gama wanda yake kan gicciye tare da Kristi yana kusa da kunnensa, majinyaci kuma yakan ji daɗi ya san har yanzu yana da aiki a cikin jama'ar Allah.

Muna roƙon katikis da shugabannin ƙungiyoyi a kowace majami'a, har da na ƙauyuka, su rubuta sunayen waɗanda suka wuce wata uku a kwance, da sunan mai jinyar kowannensu, su miƙa wa Fada, domin a tsara kai musu Jikin Kristi da Shafewa tun suna cikin hankalinsu. A taron mako mai zuwa za a karanta Markus 14:32-42 da 2 Korintiyawa 12:7-10. In akwai wanda ya yi jinyar wani har ya rasu, a bar shi ya fara magana, sauran kuma su saurara har ya gama.